Ɓawon Gyaɗa a Ɗankwalina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙannena da duk mutanen Gafasa. Mu ma nan Gaya lafiya lau. Iya tana gaishe ku, ƙafar tata da sauƙi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Littattafan soyayyar da Iya take cewa za su cinye min ido, ba don samarin ciki nake karanta su ba. To, ba don su kaɗai ba. Shafin da nake ninkewa ina komawa shi ne inda uwa take kiran 'yarta da sunanta, ta ɗora kanta a cinya. Ni ban taɓa jin "Bilkisu" a bakinki ba. "Ke" nake, ko "waccan", in da baƙi kuma "'yar gidan Iya". Na san kunyar 'yar fari ce, tun da aka yaye ni aka kawo ni wurin mahaifiyarki ake gaya min. Iya takan ce, "Kara ce, ba ƙi ba." Amma daga waje, Umma, kamarsu ɗaya.

A zangon nan Malama Rabi mai koya mana kwamfuta ta ce kowa ya gabatar da sana'ar garinsu a gaban aji. Ta nuna mana yadda ake yanko guntun bidiyo a mayar da shi hoto mai motsi, wai sunansa gif. Za ki zaɓi inda zai fara da inda zai ƙare, ki rage masa nauyi don kada aikin ya ƙi buɗewa, sai muryar ta ɓace, motsin ya saura. In kin ɗora shi a shafi, da kansa yake tafiya, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Abin ya ba ni mamaki har na ɗaga hannu, ni da ba a jin bakina, ajin duk suka waiwayo. Na tambaye ta yaushe yake gajiya ya tsaya. Ta yi dariya ta ce ba ya tsayawa sai an rufe shafin.

Ni gyaɗa na zaɓa. Kin tuna hutun kaka da na zo, ranar da ake sheƙa a tsakar gida, Kawu Nafi'u yana ɗaukarmu da waya yana tsokanar matarsa wai iska ma ta fi ta ƙwazo? Na sha kallon bidiyon nan, amma kullum surutun Kawu nake bi ina dariya. Sai na yanko wurin da faifai yake tashi sama, ɓawo yana watsewa.

Da muryar Kawu ta fita, sai idona ya sami sararin yawo. Can a gefe ga ni a durƙushe kan tabarma ina tsince tsakuwa. Kika zo wucewa ta bayana da ƙwarya. Kika miƙa hannu kika cire ɓawon da ya maƙale a ɗankwalina, a hankali, ban ma ji ba. Kika tsaya kina kallon ƙeyata. Sannan kika yi saurin duban ƙofa ko wani ya gani.

Hoton ya dawo farko. Kika sake zuwa, kika sake cirewa, kika sake kallona. Har aka kaɗa ƙararrawa ina zaune.

Tun ranar tambayoyi suka cika min kai. Ashe haka kike yi in na juya baya? Tun yaushe? Ranar da kuka zo duba Iya na farka na tarar an lulluɓe ni da mayafin da ba nawa ba, ke ce? Kuma ɓawon nan ba ki yar ba, a hannunki kika wuce da shi. Mantawa kika yi?

Kada ki damu, 'yan ajinmu ba su gan ki ba. Wanda na sa a aikina na datse gefensa, faifai da hannuwa kawai suka rage. Cikakken yana wayar Iya. Na nuna mata, ta riƙe wayar nesa da ido ta daɗe tana kallo, ta goge fuska da bakin zani ta ce, "Ashe ta gada. Haka na riƙa yi mata." Na manta ke ma 'yar fari ce. Ke wa ya nuna miki naki, Umma?

Da na yi niyyar in sa wasiƙar nan a zaurenmu na masu karatun littafi a waya kawai, inda na san ba kya nan. Amma ba daidai ba ne ƙawayena su san abin da mai shi ba ta sani ba. Ranar kasuwar Ajingi zan biyo Kawu in zo, da hannuna zan ba ki. Ba cewa nake ki kira sunana ba. Zan ajiye miki wayar Iya a kan tabarma da hoton a buɗe, in ɗauki bokiti in tafi rijiya, kuma ba zan yi sauri ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan ki kamar yadda kika ji ƙaina a ɓoye, Ya sa in zame miki sanyin ido ko da ta baya kike kallona. Amin.

Taki,
waccan ɗin,
Bilkisu.