Ba Mu Ba Kowa Kujerarka Ba, Hamza

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗan'uwana Hamza, makaɗin ƙungiyar Bayan La'asar, a duk lungun Kano da wannan ta same ka. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da Kawu da mutanen gidansa, ina sanar da kai mu nan Jidda lafiya lau muke, sai zafi da kewarka.

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka Zainab ta kawo shi har gida, ta faɗe shi yadda ka faɗa mata: mu nemi wani makaɗin, kai kam halas, ka gama, ka ajiye sandar kiɗa. Tunda ka daina ɗaukar wayata, a nan shafin ƙungiya zan ba ka amsa, a gaban kowa. Kuma da Hausa zan rubuta, ka zauna ka yi ta haɗa baƙi kana gumi, kai ka jawo wa kanka.

Bari in tuna maka abin da kake cewa a ba wani.

A kwaleji muka haɗu, ajin koyon aikin lantarki. Ni ina da wata tsohuwar gita da na tsinta a kasuwar gwanjo. Faisal, Bahijazen nan ɗan unguwar Aziziyya, yana da gita mai kaurin murya da yayansa ya kawo masa daga waje. Kai ba ka da komai sai sukudireba biyu da akwatin kayan aiki, amma in ka fara dukansa har malami sai ya yi kamar bai ji ba. Kaset ɗin kiɗan rok ɗaya muke zagayawa da shi mu uku, har zarensa ya tsinke ka ɗinke shi da salatif.

Matsalarmu wurin gwaji. A Jiddar lokacin, wa zai ba ka ɗaki ka yi wannan hayaniyar? Mahaifin Faisal ne ya ji tausayinmu ya ba mu sito ɗin da yake ajiye dardumai. Dardumar ta shanye ƙara, mu kuma muka shanye ƙurarta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa sassauta shi ba: daga an idar da La'asar zuwa kiran Magariba. Ladan na buɗe baki, a tsaya cak, ko da a tsakiyar baiti ne. Daga nan sunanmu ya fito, ba wani dogon tunani muka yi ba.

Da farko kwaikwayo kawai muke yi, mu faɗi gaskiya. Ina ihu da Turancin da ni kaina ban gama fahimta ba. Ranar da ka kai wa Baba, mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, abin da muka naɗa, ya saurara har ƙarshe cikin haƙurin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kiɗan biki a unguwarmu ta Karantina. Sannan ya ce, “Kiɗan da bai sa tsohuwa ta gyaɗa kai ba, hayaniya ce.” Washegari ka zo da kalangunsa rataye a kafaɗa. Ƙafarka na kan babbar ganga, hannunka na kan kalangu, ni na jefar da Turancin na kama waƙa da abin da muke magana da shi a gida, Hausa da Larabcin unguwa a cakuɗe. Ranar aka haifi ƙungiyar. Abin da ya gabata duk atisaye ne.

Ka tuna wasanmu na farko a Abhur, can bakin tekun Jidda? Ranar Alhamis da yamma, a wani gidan shaƙatawa da samari suka kama haya a ɓoye. Maigadi ya ga baƙaƙe biyu da kaya niƙi-niƙi, ya nuna mana ƙofar baya ya ce mu je mu jera kujeru. Ni raina ya ɓaci. Kai kuwa ka naɗe hannun riga ka hau jerawa, wai gara mu san inda kowa zai zauna kafin mu tayar da shi.

Mun kuwa tayar da su. Muna tsakiyar waƙa, wuri ya ɗau zafi, sai kiran Magariba ya taso daga masallacin bayan katanga. Ba wanda ya kalli wani. Ka ɗaga hannu, Faisal ya dafe igiya, ni na haɗiye sauran kalmar. Jiki ya riga ya saba. Can sai tafi ya ɓarke, mutanen nan sun ɗauka salo ne muka shirya. Muna alwala suna ta tafi. Daga baya har wani ya rubuta a intanet cewa wannan yankewar tamu fasaha ce mai zurfi. Ka yi dariya har ka faɗo daga kan darduma.

Ba mu taɓa samun kamfani ba, ba mu kuma taɓa nema ba. A kwamfutar Faisal muke buga faifai, bangonsa hoton inji ne baƙi da fari. Inna, mahaifiyarka, wadda ta ce kiɗanmu na masu aljanu ne, ita ce dai take cusa faifan a ledar masu sayen wainarta, tana cewa su kai wa yaransu. Da muka gama kwaleji, ni na kama gyaran na'urar sanyaya ɗaki, Faisal ya shiga ofis, kai kana tuƙa wasu iyali a Abhur. Duk da haka La'asar ba ta cika yi mana a wani wuri ba sai ƙofar sito.

Sai Baba ya rasu, kafilinsa, wanda kuke zaune a ƙasar da sunansa, ya bi bayansa ba da jimawa ba. Iƙamarka, takardar izinin zama, ta mutu a hannunka kana ta neman wanda zai ɗauke ka. Wata safiya aka tsayar da motar da kake ciki a shingen bincike. Daga nan sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga tarhil sai jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba sai a bakin Inna. Na yi kuka, Hamza. Ban ɓoye wa kowa ba a lokacin, ba kuma zan ɓoye yanzu ba.

Zainab ta ce yaran unguwarku a Kano suna kiranka Balarabe, suna kwaikwayon Hausarka. A nan Takruni suke ce mana, wato baƙar fatan Afirka, a can an ce maka Balarabe. Na san wannan ne ya karya maka gwiwa, ba wai kiɗan ne ya ishe ka ba. Wanda ya ɗinke kaset da salatif ba ya gajiya da kiɗa.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba. Wani mai ɗakin naɗar waƙa ya ji tsofaffin faifanmu, ya ce mu zo a yi mana aiki na sosai. Faisal ya kawo wani yaro makaɗi, Tariƙ, muka gwada shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya fi ka sauri, ya kuma fi ka zuwa a kan lokaci. Muka yi waƙoƙin duka daidai, ba kuskure ko ɗaya. Da muka gama, Faisal ya hau naɗe wayar lasifika. Shi da ya kawo yaron, shi ya fara cewa wannan wata ƙungiya ce daban, mai kyau, amma ba tamu ba. Muka yi wa Tariƙ godiya, muka ba mai ɗakin haƙuri.

Saboda haka ga amsarka: ba mu karɓa ba. Kujerarka tana nan, ba kuma ajiye ta muka yi don tarihi ba. Tunda kai ba ka da hanyar dawowa yanzu, mu muna da hanyar zuwa. Zumunta a ƙafa take. Kafilina ya yarda ya ba ni izinin fita da dawowa bayan Babbar Sallah, bayan na yi masa naci har ya gaji da ganin fuskata. Faisal ya ɗauki hutu, mahaifiyarsa tana ta faɗa, shi kuma yana ta koyon “ina kwana”. A Kano za mu naɗi faifan. Ka nemo mana ɗaki da maƙwabta masu haƙuri, ka kuma fara motsa hannun nan, don ba zan ƙetare teku in tarar da kai ka yi tsatsa ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne mai nauyin faɗa. Ni ma a Karantina aka haife ni. Na yi ta cika baki a waƙa da sunan Kano, alhali ko ƙofarta ban taɓa gani ba, kuma ina jin tsoro kamar yadda ka ji. Kai ka riga ni. Ka san motar da ake shiga, ka san yadda ake gaida manya, ka san unguwar da kakanninmu suka fito. Ka zo filin jirgi da kanka, ya akhi, kar ka aiko kowa. Ban san kowa ba a garin ubana sai kai.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da haƙurin rashinka. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa garin nan ya karɓe ka hannu bibbiyu, Ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Naka har kullum,
Sadiƙu, mai gita
Jidda