Sa Hannu Kawai

Hibbing, 3 ga Fabrairu

Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Corinne. Ya sanyi? Nan ƙanƙara ta binne mini mota har madubi.

Lokacin haraji ya zo. Tunda kotu ba ta raba aurenmu ba tukuna, a wajen hukuma har yanzu mata da miji muke, ko da yake tun Afrilun bara na bar gidan. Ina roƙonki mu cika takarda ɗaya bana kamar yadda muka saba. Ni zan yi duk wahalar, ke sa hannu kawai. Rarar harajin da hukuma ta maido mana ki riƙe, ba na son ko sisi.

Ki ce wa yarinyata ta daina tuƙi irin na uwarta.

Naki,
Wendell

Duluth, 9 ga Fabrairu

Wendell,

Muna lafiya, na gode da gaisuwa.

Shekara goma sha tara ina zaune da kai, ban taɓa jin ka ce ba ka son ko sisi ba. Sai da na nemi kujera na zauna.

Na je wajen Misis Haugen, akantar da ke bayan cocinmu. Ta ce tunda Corinne na hannuna, kuma ka fi rabin shekara ba ka gidan, ina iya cika tawa ni kaɗai a matsayin mai riƙe da gida, rangwamen ma ya fi wanda zan samu in na cika a matsayin matar aure da ta ware. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Marlys, in kika sa hannu tare da shi, duk abin da ya ɓoye, ke ma kin ɓoye."

Na san yadda ake biyanka aikin rufin gidaje, kuɗi a hannu, ba shaida. Me ka yi bara da kake neman sunana kusa da naka? Kuma wace ce ta ɗauki wayarka ran Lahadi ta ce kana barci da tsakar rana?

Ka huta lafiya,
Marlys

Hibbing, 14 ga Fabrairu

Marlys,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, da ƙayarta da komai.

Ba abin da na ɓoye wa hukuma. Rabona da hawa rufi tun Oktoba, na ma sayar da tsanin. Matar kuma ba abin da kike zato ba ne, ta kusa haihuwata. Ban taɓa roƙonki abu sau biyu ba, yau na yi. Kada ki tambaye ni dalili.

Naki har yanzu, a takarda dai,
Wendell

Hibbing, 20 ga Fabrairu

Marlys 'yar uwa,

Ina gaishe ki, ina gaida Corinne. Na ga saƙon da kika bar mini kina tambaya ko yayana ya yi sabuwar mata. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, to ga shi ina karya rantsuwa, Allah ya yafe mini.

Ciwon daji ne, a hanji. An gano shi a Oktoba. Matar da kika ji ma'aikaciyar jinya ce da ke zuwa duba shi. Da kika cire shi daga inshorar wajen aikinki, ya sayi tasa da tallafin gwamnati. In mai aure ya cika haraji shi kaɗai, za a soke tallafin, har wanda ya ci za a ce ya maido. Ga magani saura rabi. Na ce masa ya gaya miki gaskiya, ya ce gara ki ɗauke shi ɓarawo da ki ji tausayinsa.

Amma ki ji ni da kyau: ciwon na gani da idona, lissafinsa ban gani ba. Kin san Wendell. Ni ma da bakinsa ya ce mini ya sayar da kwalekwalensa, shekaranjiya na gan shi a bayan gidan abokinsa an lulluɓe da tamfol.

Allah ya bar zumunci,
Noreen

Duluth, 24 ga Fabrairu

Wendell,

Ina gaisuwa. Noreen ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa.

Ran Alhamis zan zo in kai ka asibiti, ina so in ji daga bakin likita. Ka tara duk takardun aikin bara, har na kwalekwalen. Misis Haugen ce za ta cika, ba kai ba. In ta ce komai ya fito fili, zan sa hannu.

Corinne za ta biyo ni. Ban gaya mata komai ba, wannan aikinka ne. Ka yi aski kafin mu iso.

Marlys