Jan Bulon Da Kuka Mayar Wa Samari

Zuwa ga Malam Usmanu, limamin masallacin Hillar Barau, da dattawan lajana, wato kwamitin masallaci, baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar girma, da fatan kuna lafiya ku da iyali, da fatan ruwa ya kai hawashar kowa, gonarsa ta auduga, a kan kari. Ina roƙon a karanta wannan takarda a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, domin na gaji da kawo magana zaure ana ce mini za a duba.

Tun wajen shukar auduga na fara jin wani zance, wai samarin garin nan sun sami fili a hayin tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, za su gina nasu masallacin. Mai ɗakina Hajara ce ta fara kawo mini, ta jiyo a wurin niƙa, na ce mata zancen wurin niƙa sai an tankaɗe. Daga baya wani direban lori ya maimaita mini a kasuwar Hajj Abdalla. Dariya na yi. Na ce yaran da ba su cika sahu ɗaya a masallacin ubanninsu ba, da wa za su cika nasu? To, Malam, yanzu na daina dariya. Ga dalilaina.

Na farko, ku dubi halin da muke ciki. Da la'asar, in ka waiwaya bayan sallama, furfura kake gani daga bango zuwa bango, tarinmu ya fi aminmu ƙarfi. Ranar da muka kai Malam Ɗanjuma makwancinsa, mu tsofaffi muka ɗauki makara, muna sauke ta a hanya muna huci. Na taɓa leƙa wata majami'ar Nasara a birnin Madani bayan Turawa sun tafi, na ga benci ya fi mutane yawa, wani tsoho yana share ƙasa don mutanen da ba za su zo ba. Har tausayinsa na ji. Ban san muna bin sawunsa ba.

Na biyu shi ne asalin maganar, kuma kowa a nan ya san ta, ana dai kauce mata. Daminar da ruwa ya kwantar da bangon gabas na masallacin nan, ɗana Sale da abokansa ba su jira an roƙe su ba. Da aka gama tsinkar auduga, lokacin da sa'o'insu ke tafiya Madani kallon silima, su sai suka sauka bakin kogin Bahar, suka kwaɓa ƙasa, suka haɗa kamina, wato murhun gasa tubali, suka ƙona jan bulo. Ni na ga tafin hannun Sale ya tsattsage, har Hajara tana shafa masa man shanu. Suka yi ta jigila da jakuna har suka tara bulon a ƙofar masallaci, sannan suka je suka yi wanka, suka sa fararen jallabiya, suka durƙusa a gabanku.

Kai, Malam, ka sa musu albarka, sannan ka ce ba za a karɓa ba. Ka ce mu matafiya ne, iyayenmu sun baro yamma da niyyar Makka, nan zango ne kawai, kuma wanda ya yi gini da jan bulo ya warware niyyarsa. Ka ce laka da zana sun ishi mai wucewa. Alhaji Tanko na lajana ya ƙara da cewa haifaffun nan ba su san ma'anar hijira ba, tun da ko Hausar ma sai sun haɗa da Larabci. Aka ce su kwashe kayansu kafin Juma'a. Sai da muka kama hanyar gida Sale ya dube ni, da Hausa tsantsa, ya ce: "Baba, in ku matafiya ne, mu ina ne gidanmu?"

Kada ku ɗauka ina raina niyya. Ni da ƙafata na zo ƙasar nan, ina riƙe da wutsiyar jakin mahaifina. Ya ce mana auduga ɗaya za mu tsinka mu wuce. Ga shi can kwance a bayan gari, ga mahaifiyata a kusa da shi, ga yayyena biyu. Ni ma in baƙo ya tambaye ni, cewa nake muna hanya, kuma Allah ya sani ban cire rai ba. Amma makabartar matafiyan nan ta kusa fin garin girma. Niyyata tana cikin ƙirjina, ban taɓa ajiye ta a jikin bango ba. Kuma da yake gaskiya muka zo faɗa, Allah ya ba Alhaji Tanko haƙuri, shagonsa na kasuwar Hajj Abdalla da jan bulo aka gina shi, ban ji an ce niyyarsa ta warware ba. Ɗakin Allah kaɗai aka bar wa laka.

Na uku, dabarun da lajana ta kawo don samari su dawo. Kun sayo lasifika, kun ɗaura ta a kan icen dogon yaro. Kun sa ana dafa shayi bayan la'asar. Kun ɗauko wani matashin malami daga Madani ya yi wa'azi da Larabci, wai ko harshen ne ya kore su. Ban ce kun yi da mugun nufi ba. Sai dai shayin mu muke shanye shi, lasifikar kuma tarin Malam Hamidu ladan take kaiwa har bakin tur'a, malamin nan ya yi wa'azinsa ga tsofaffin da rabinsu ke gyangyaɗi. Yaran nan ba kurame ba ne, suna jin kiran salla tun ba lasifika. Ba kuma shayi suka rasa a gidajensu ba. Abin hannunsu suka kawo aka ce su koma da shi, sannan aka bi su da kofi.

Ga nawa ciwon. Sale bai bar salla ba, yana yin ta a gida ko a kan kunyar hawasha. Da yake idona ya yi rauni, shi ke riƙo hannuna ya kawo ni masallaci. In mun iso ƙofa sai ya gyara mini takalma, ya ce in shiga zai dawo ya ɗauke ni, ya juya. Kullum haka. Ina shiga ina jin tafiyarsa tana nisa. Idan suka gina a hayi, ni ba zan iya taka katakon nan da aka gitta a kan tur'a ba, shi kuma ba zai shigo nan ba. Uba da ɗa gida ɗaya, alƙibla ɗaya, masallaci biyu. Ranar da tawa ta zo, ban san su wa za su tsaya a kaina ba, su wa za su tsaya daga nesa. Bulon nan a bayan gidana aka jibge shi, kuma kwanan nan tsibin ya fara raguwa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku tashi da kanku ku je wurinsu, kada ku aika. Ku ce musu bulon nan ana so, su zo su ta da bangon gabas da hannunsu, yadda suka ga ya dace. Ku ba su wurin zama a lajana, zama na mai magana, ba na mai zuba shayi ba. In Malam Hamidu ya gaji, ku bar ɗayansu ya kira salla, ko da muryarsa ta fi kama da ta Larabawan ƙetare. Ku yi wannan kafin a gama tsinkar auduga, domin da hannunsu ya sami sarari tushe za su haƙa, kuma in aka haƙa tushe magana ta ƙare.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya haskaka zukatan dattawan lajana, ya cika mana niyyar da iyayenmu suka mutu da ita. Wanda maganata ta sosa ya yafe mini, tsufa ne da gajiya.

Na san za a ce tsoho ya ɗauki zancen wurin niƙa ya kawo masallaci. Saboda haka bari in faɗi wanda ya gaya mini na ƙarshe. Shekaranjiya ya zo aron jakina, ya durƙusa ya gaishe ni, na tambaye shi gaskiyar zancen, ya ce gaskiya ne, shi ne ma ya auna musu alƙibla. Abdurrahman ne, Malam, babban ɗanka.

Wassalam.

Naku,
Garba Tsoho, mai hawashar bakin tur'a.