Ƙaiƙayin Kawu a Lagireto

Daren Talata, Bakura

Yau motar ta tsaya mini da Inna a ciki, muna hanyar asibitin Mafara. Allurar zafi ta hau ja, tururi ya taso daga bonet. Inna tana riƙe da ƙirji. Halin da take ciki ya fi tsayuwar motar damuna.

Na bari injin ya huce, na duba. Ruwa bai ragu sosai ba, tiyo bai fashe ba, fanka tana juyawa. Sai na kara tafin hannu a gaban lagireto, na ji babu iskar da ke shiga. Na leƙa, ashe ƙaiƙayi ne ya toshe shi kamar an yaɓe da laka.

Na san daga inda ya fito. Tun da aka fara girbi, Kawu Sani yake shimfiɗa shinkafarsa a kan kwalta don motoci su sussuke masa. In na zo sai ya ɗaga hannu: "Ɗan Inna, ƙara taka mini sau ɗaya." Ni kuwa in koma baya in sake bi.

Da tsinken tsintsiya na sakace lagireton, muka isa asibiti an kusa tashi daga aiki. Allah ya taimaka, likita ya gan ta.

Jibi zan mayar da ita, kuma Kawu zai ɗaga hannu. Ƙanenta ne. Har yanzu ban samo yadda zan kauce wa shinkafarsa ina gaishe shi ba.