Kada Ka Maido Min Shi

Daren Laraba, garin Isa

Ɗan farina ya bugo daga Sakkwato. A wurin aikinshi an tsaurara musu dokar rubuta umarnin kwamfuta. Duk abin da ba a fara ambata sunanshi ba, na'ura ta ƙi shi, don kada ya yi ɓarna a ɓoye. Aikinshi duk ya tsaya.

"Inna, in ban gyara ba kafin Jumma'a, gida za ni dawo."

Gida? Gonar Gangara, inda 'yan bindiga sunka ɗauke babanshi?

Tun haihuwa kunya ta hana ni kiran sunan yaron nan, ko a cikin addu'a. Yau za ni rubuta shi da hannun da ya koyi biro da furfura. Ya Allah, Bashiru nake nufi. Bashiru. Kada Ka maido min shi.