Igiya Bakwai Zuwa Yawuri

Guangzhou, 3 ga Yuli, 2008

Aikin farko yau: karɓo kayan da aka aiko daga gida wurin Shitu a titin Zhanxi Lu.

Zuwa ga uwargida Hajjo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ciwon ƙafarta?

Filafilan tuƙin kwalekwale na Yaya Maidaji sun iso, guda uku, cikin kwalin Shitu. Har yanzu suna ƙanshin man kaɗanya. Na jingine su a bango na zauna ina kallonsu, don ɗakin babu kowa. Abokan zamana sun koma gida, an tsananta biza saboda wasannin Olamfik.

Kin san tun da jiragen inji suka cika Yawuri, Yaya ba ya samun aiki. Wani mai kanti, Laoban Chen, yana sayar da kaya ga masu wasa da kwalekwale a ruwa mai gudu tsakanin duwatsu. Ya ce in filafilan sun yi masa zai sayi ɗari biyu. Farashin guda ɗaya yake jira.

Yaya bai turo farashi ba. Shi sai ya ga mutum, ya ga tafin hannunsa, sannan ya faɗi kuɗi. Na lissafa itace da dako, amma na rasa abin da zan sa wa kwanakin da yake yi yana sassaƙa. Na rubuta na goge har takardar ta huje. Anya ni ɗan kasuwa ne, Hajjo?

Ki gaida kowa.
Mijinki, Ilu

19 ga Yuli

Hajjo,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya same ni, na ji daɗin jin Inna ta taka ƙasa.

Ni da Chen mun je kogin Qingyuan an gwada filafilan. Wani malamin tuƙin kwalekwale ya shiga ruwa da ɗaya, ya fito yana shafa shi ya ƙi sakewa. Ya ce na roba yana dukan wuyan hannu, wannan kuwa yana lanƙwasa kaɗan ya dawo. Chen ya faɗi kuɗin da ya ninka abin da na yi zato sau uku, da sharaɗi: duk su zama tsawo ɗaya. Na amsa nan take.

Da na kira Yaya, na faɗa masa sharaɗin. Sai ya ce shi bai taɓa sassaƙa wa wanda bai san tsawonsa ba. In mutum yana nesa, igiya ake aikowa, ƙulli ɗaya a haɓarsa, ɗaya a faɗin hannuwansa. Na roƙe shi, na tuna masa halin da gida ke ciki. Ya ce filafilin da bai dace da mai shi ba yana iya kifar da shi a dutse, ba zai ɗauki wannan alhaki ba.

Chen ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Ɗari biyun sun tafi. Amma malamin tuƙin da abokansa shida sun yarda a auna su, ba su ma nemi ragi ba. Bakwai ke nan. Ban sani ba ko na yi wa Yaya hidima ko na ɓata masa lokaci.

Kafin Yaya ya ajiye waya ya ce in haɗa da tawa igiyar, wai ya manta tsawona.

Na gobe:
Sayen igiyar auduga.
Auna mutum bakwai, a rubuta suna jikin kowace.
Ofishin biza kuma.
Neman wanda zai riƙe mini bakin igiya. Ni kaɗai ba ta aunuwa.

Allah ya sada mu da alheri.
Naki, Ilu