Safar da Aka Ɗaure wa Auta a Hannu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta fasa yi mana faɗan barin ƙofa a buɗe ba. Shago ma alhamdu lillahi, aiki ya yi yawa har na ƙara ma'aikata.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu, wai kada in cire 'yata Auta daga makarantar ƙananan yaran da 'yarka take koyarwa, don kada a ce baffanta ma bai yarda da aikinta ba. Yaya, da girmanka, amma ka yanke hukunci da jin ɓangare guda. To ga nawa ɓangaren, na rubuta ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Kafin in kai Auta makarantar nan, yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Ta wuni a shagona tana zane a guntayen katako da fensirin awona, da hannun hagu, kamar ubanta. Zango biyu kacal, sai ta koma shiru. Magana sai ta yi ta in'ina, da safe kuma ciwon ciki ba ya tashi sai an ɗauko mata jaka. Sakamako ya fito wai ba ta ƙoƙari, wai sai ta maimaita aji. Uwarta ta yi ta zargin mayu, ni kuwa na yi ta zargin yarinyar da lalaci, Allah ya yafe mini.

Ranan nan na kai musu bencin da na gyara, ban sanar ba. Na leƙa ta taga. Yara suna ta rera abin da ke allo kamar aku, rabinsu ma bango suke kallo, Malama 'yar taka tana kujera tana latsa waya. Can a ƙarshen aji ga Auta, an zura mata safa a hannun hagu an ɗaure da roba, ta damƙe fensir da dama tana ta huda takarda. Wani yaro ya ɗaga murya ya ce Dungu, ga babanki. Dungu, Yaya! Ashe sunan da 'yata take amsawa ke nan, kuma a gaban 'yarka ake kiran ta da shi.

Da na shiga, 'yar taka ko kunya ba ta ji ba. Cewa ta yi wai taimakon yarinyar take, wai hagu abin kunya ne ga mace, in ba a tanƙwara ta yanzu ba sai ta girma ana yi mata dariya. Har da ce mini wai Baffa ka bar wa masu takardar koyarwa aikinsu. Ni! Ni da na goya ta a wuya tana majina. Na ce mata bencin da take kallo, da ƙofar ajin, da kujerar da take zaune a kai, duk hannun hagu ne ya yi su, in abin kunya ne ta tashi ta zauna a ƙasa. Shugabar makarantar kuma ta fito tana murmushi, wai in yi haƙuri, haka suke yi wa kowane bahago. Ka ji fa, ashe ma tsari ne.

Gaskiya ne karatuna bai wuce sakandare ba, kuma na san yadda kuke faɗar hakan a bayana. Amma ban taɓa roƙon kowa aiki ba, kuma mutane da yawa sun koyi sana'a a hannuna. Ban taɓa tambayar wani da wane hannu zai riƙe zarto ba, yankan kawai nake dubawa. Makarantar da ta karɓi yarinya mai baki ta maido mini da ita bebiya, ita ce ya kamata ta maimaita aji.

Don haka na riga na cire ta, kada ka ƙara turo mini Kawu, tsohon yana da abin yi. Kai sunan 'yarka kake karewa, ni 'yata nake nema. Jiya na miƙa mata alli a shago, na ce ta zana mini duk abin da take so. Sai ta ɓoye hannayenta biyu a baya, tana kallon ƙofa. Na ajiye allin a kan teburin aikina, na hana kowa taɓawa. Ka gaya wa 'yarka ba na bukatar ban haƙurinta. Ranar da Auta ta ɗauki allin nan da kanta, 'yar taka tana iya zuwa gaishe ni. Kafin nan kada in ga ƙafarta a gidana.

Ka gaida maiɗakinka da Gwaggo da yara. Inna da uwar Auta suna gaishe ka. Allah ya bar zumunci, in an bar shi ya zauna.

Ni ne ƙaninka,
Baban Auta